Barar Ƙanena

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina neman gafararsa tun kafin in shiga labarin, domin laifina a cikinsa ya fi na kowa.

Mu biyu Baffa ya riƙa bayan rasuwar mahaifinmu, ni da ƙanena. Baffa yayan mahaifinmu ne, malami ne da ake ɗaukar karatu a soronsa a Mandawari, cikin birnin Kano. A wannan soron muka koyi rubutun ajami, kuma da shi muke wasiƙa a gidanmu har yau. Ba ya kiran sunanmu. Ni Babba yake ce mini, ƙanena kuma Ƙarami. Ni na zauna a Ƙofar Wambai ina ɗinkin gafaka da jakunkunan fata. Ƙarami ya yi boko, har Allah ya ba shi tafiya karatu wani yanki na Birtaniya da ake kira Wales. Baffa bai taɓa wahalar da bakinsa da wannan suna ba, Ingila yake cewa.

Bai cika shekara biyu a can ba tallafin karatun ya yanke, kamar yadda abubuwa da yawa suka yanke a zamanin soja. Ya nemi aiki ya samu a wani otal na ƙauye a bakin teku. Ya rubuto mini cewa tsohon gida ne na dutse, tagoginsa suna kallon ruwa, tumaki suna kiwo har inda ruwan yake tsayawa. Da wanke-wanke ya fara. Daga nan aka sa shi gashin burodi, daga baya ya zama cikakken kuku, masu hali suna tuƙo mota daga nesa don su ci abincin wurin.

Takarda biyu yake sakowa a ambulan, ɗaya ta Baffa mai gaisuwa da neman addu'a, ɗaya tawa mai labari. Ni nake karanta wa Baffa tasa, don idonsa ya fara rauni. A cikin tawa Ƙarami ya ce, “Yaya, ka faɗa wa Baffa sana'ata, amma a hankali.” Na rubuta masa cewa na faɗa. Ban faɗa ba. Na san unguwarmu. Namiji ya gasa tsire babu mai cewa komai, amma ɗan gidan malamai ya tsaya a kan tukunya yana dafa wa Turawa, akwai sunan da za a laƙaba masa a bakin masallaci wanda ba zan rubuta a nan ba. Kullum sai in ce gobe. In Baffa ya tambaye ni karatun Ƙarami, sai in ce, “Ana kai.”

Wata shekara na tafi Damagaram sayen fata, wasiƙa ta zo ba na nan. Baffa ya fito rana da tabaransa ya buɗe da kansa, kuma tawa ya fara zarowa. To, a yaren mutanen Wales, burodi sunansa bara. Ƙarami ya daɗe da gaya mini haka, har ya zame mana abin wasa tsakaninmu. A wannan takarda babu kalmar burodi ko tukunya ko sau ɗaya. Abin da ya rubuta shi ne: “Kullum kafin asuba na tashi na hau bara. Yanzu na ƙware, har maigidana yana cewa babu wanda bararsa ta kai tawa.”

Da na dawo, Baffa ya sallami masu ɗaukar karatu, ya miƙo mini takardar.

“Karanta.”

Na karanta.

“Ba, ra, alif,” ya ce. “Ko idona ne ya yi mini ƙarya?”

“Haka aka rubuta, Baffa.”

“Ɗan ƙanena, da ƙafafunsa da hannuwansa, yana miƙa wa Nasara hannu. Har da maigida a kan abin.” Ya cire tabaran ya ajiye. “Wallahi ba zan ci bararsa ba.”

A nan ya kamata in yi magana, kalma biyu sun isa. Amma in na ce burodi ne, sai in ce kuku ne, in kuwa na ce kuku ne, sai in ce shekara uku ke nan ina yi masa ƙarya. Sai na sunkuyar da kai. Ya ɗauko wani bargon ulu mai kauri da Ƙarami ya aiko masa, ya ninke ya ce in mayar. Ya hana ni tayar da maganar ga kowa, ko ga Gwaggo, ƙanwarsa da take zaune a gidan tun rasuwar mijinta. Ya ce abin kunyar gida a cikin gida ake binne shi. Bargon na ɓoye shi a adakata. Ƙarami kuma na rubuta masa cewa Baffa ya yi fushi da girkin ne. Haka na tsaya tsakaninsu shekara shida, kowa na ba shi rabin magana.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula Ƙarami ya dawo. Lokacin hotunan ’yan takara suna nan a jikin katangu, ruwan fari ya fara ɓamɓare su, kuma duk teburin mai shayin da ka wuce rediyo yana magana, mutane suna cewa yanzu ƙasa za ta buɗe. Shi ma wannan zance ne ya kawo shi. Yana so ya buɗe wurin cin abinci a Kano, ya zauna, ya yi aure.

Ya durƙusa ya gaida Baffa. Baffa ya ce, “Lafiya,” ya ci gaba da jan carbinsa. Bai tambaye shi hanya ba. Kwana uku ana haka. A na huɗu, bayan la'asar, muka taka zuwa wajen Goron Dutse, ya tsaya ya fito da tikitin jirginsa ya nuna mini.

“Yaya, sati uku ya rage a jikinsa. Zan dafa wa Baffa da hannuna, yadda muke yi a can, ya ga ba wasa nake yi ba. In ya ci, na yaga wannan. In bai ci ba, na koma, kuma ba zan sake dawowa in zame masa ƙaya a maƙogwaro ba.”

Na ce masa ya bari a ɗan jima. Ya ce shekara shida ai an jima. Bakina ya buɗe zan faɗa masa gaskiya, sai wani abokin cinikina ya zo wucewa a kan babur ya tsaya gaisuwa. Na ji daɗin tsayuwarsa, Allah ya yafe mini.

Gwaggo ce ta shawo kan Baffa. Ta ce yaro ya dawo daga uwa duniya zai yi walima, ba za a yi babu babban gida ba. Baffa ya ce, “Zan zauna. Zama ba ci ba ne.” Gwaggo ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ni na san abin da yake nufi. A wurinsa duk abin da za a sa a tukunyar nan da abin bara aka saye shi.

Aka sa ranar Alhamis, don babu karatu a soro. Ƙarami ya zaɓi ɗan rago da kansa, ya kai wa mahaucin da Baffa yake saye a wurinsa, ya tsaya har aka yanka. Ya ce tumakin can ciyawar bakin teku suke ci, gishirin yana shiga namansu tun suna raye, namu kuwa sai an taimaka masa. Akwai wata albasa mai dogon wuya da suke ji da ita a can, bai samu a kasuwa ba, sai ya sayo ɗanyen ganyen albasa. Ya fito da ƙaramin gwangwani daga jakarsa, ya ce ganyen teku ne. Tun ranar Laraba ya jiƙa dabino da busasshen inabi a cikin baƙin shayi. Da safe ya kwaɓa su da fulawa, ya zuba yashi a babbar tukunya ya ɗora a kan gawayi, a ciki ya gasa.

Matan gida suka koma bakin ƙofofinsu suna leƙe. Gwaggo ta zauna a kan kujera ’yar tsuguno tana kallon yadda yake yanka albasa, wuƙar tana tafiya kamar keken ɗinki.

“Oh ni, Bature,” ta ce. “Mu da muka tsufa a madafa ashe wasa muke yi. Wadda za ta aure ka ta huta.”

“Gwaggo, ki samo mini ita tukuna.”

“Ka bari a ci a rayu.”

Wajen hantsi ya kira ni gefe, ya ba ni farar takarda mai kauri. Ya ce a otal ɗinsu ba a kawo abinci sai an ajiye wa baƙo takarda mai sunayen abin da zai ci, bi da bi. Ya ce hannuna ya fi nasa kyau. Na ɗauko alƙalami da tawada, yana faɗa ina rubutawa: romon rago da ganyen albasa, soyayyen ganyen teku da kifi, gasasshen haƙarƙari da miyar na'a-na'a.

“Na ƙarshe, rubuta: Barar Ƙarami.”

Alƙalamin ya tsaya mini. Na ce, “Mu sa burodi mana, ya fi saurin ganewa.”

“Haba Yaya, ai ka ba shi labarin sunan. Da ita na fara a can. Wataƙila ma ya yi murmushi.”

Yana tsaye a kaina. Na rubuta ba, na rubuta ra, na ja alif ɗin da Baffa ya taɓa nuna mini da yatsa. Har wasali na sa, don ba a koya mini barin rubutu tsirara ba.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a shigifa, aka rufe ta da farin ƙyalle. Zafi ake yi mai nauyi, hadari ya taru a gabas ya ƙi saukowa. Mu da muka saba haɗa hannu a akushi ɗaya, sai ga kowa da nasa farin faranti da cokali. Baffa ya zauna a kan buzunsa, ni a hagunsa, Gwaggo a bakin ƙofa. Ƙarami ya ajiye takardar a gaban Baffa. Baffa bai dube ta ba. Na yi fatan iska ta taso ta ɗauke ta.

Romo ya fara zuwa, ɗan kaɗan a tsakiyar faranti, nama da dankali da karas an yanka su daidai wa daida, koren ganye a sama.

“Wannan na ɗanɗano ne, abincin yana tafe?” in ji Gwaggo.

“A hankali ake yi, Gwaggo. Kala huɗu ne.”

Ta kurɓa, ta sake kurɓa. Ni ma na kai cokali baki, amma da za a tambaye ni ko da gishiri a ciki, ban sani ba. Idona yana kan hannun Baffa. Hannun bai bar carbi ba. Ƙarami ya jira har romon ya daina tururi, sannan ya ɗauke farantin a cike ya fita.

Ya dawo da na biyu, wasu ’yan ƙananan waina baƙaƙe masu ɗan kore, da yankan kifi a kai. Gwaggo ta shinshina.

“Wannan ai miyar kuka ce ta je Ingila ta dawo da girman kai.”

Babu wanda ya yi dariya. Ta dubi Baffa, ta dube ni, murmushin ya bar fuskarta. Ta ce wa Baffa, “Yaya, ko loma ɗaya. Yaron nan tun asuba yake tsaye.” Baffa ya ce mata ta ci nata. Wannan farantin ma a cike ya koma.

Da ya kawo haƙarƙarin, guda uku an jingina su da juna, ƙamshin ya cika shigifar. Wannan karon bai tashi ba. Ya durƙusa a gaban Baffa, gumi yana zuba daga haɓarsa.

“Baffa, yankan mahaucinka ne. Na tsaya a kai har aka ambaci sunan Allah.”

“Ban tambaye ka ba.”

Ƙarami ya dube ni. Na dubi ƙyallen. Ya miƙe ya fita ɗauko na ƙarshe, kuma na ga yadda ya dafa bango a bakin ƙofa.

Malami ba ya iya zama da rubutu a gabansa bai karanta ba, ko da takardar ƙunshin ƙosai ce. Baffa ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau. Ya ɗaga takardar kusa da fuskarsa, ya sa yatsa a layin farko, leɓunansa suna motsi. Ya sauko na biyu. Ya sauko na uku. Yatsan ya kai layi na huɗu ya tsaya, daidai lokacin da Ƙarami ya shigo da burodin a kan katako, baƙi-baƙi mai ɗigon dabino, ya ajiye ya ce, “Baffa, ga barar.”

Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba.

“Ni za ka yi wa izgili a gidan ubana? Na rufa maka asiri shekara shida, ko ƙanwata ban gaya wa ba. Ka je ka zubar da mutuncin gidan nan a titin Nasara, sannan ka sa a rubuta mini da tawada?”

“Wane titi, Baffa?”

“Tashi ka ba ni wuri.”

Ya dafa ƙasa zai miƙe. Na san in ya miƙe ya shiga turakarsa, magana ta ƙare, Ƙarami kuma ya tafi ke nan. Ban san lokacin da na riƙe gefen rigarsa ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro.

“Baffa, burodi ne. A yarensu burodi ake kira bara. Bai taɓa roƙon kowa ba. Kuku ne, girki yake yi a otal, shekara tara ke nan. Na san kuskure ne tun ranar da ka miƙo mini wasiƙarsa. Ya ce in faɗa maka tun farko, na ce masa na faɗa, ban faɗa ba. Shi kuma na ce masa girkin ne ka ƙi.”

Gwaggo ta sa salati. Ƙarami ya zauna daɓas a ƙasa.

“Yaya,” ya ce, “Baffa ya ɗauka bara nake yi? Bara ta roƙo? Kana kallo?”

Baffa ya koma ya zauna a hankali. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Babba, shekara shida, babu sujadar da ban roƙi Allah ya raba yaron nan da bara ba. Da an karɓa mini, da sana'arsa na raba shi da ita. Kana bayana a sahu kana cewa amin.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya juya ga Ƙarami.

“Kuku.” Ya riƙe kalmar a baki kamar mai tauna ɗaci. “Akwai alade a gidan?”

“Akwai, Baffa.”

“Giya?”

“Akwai. Ban taɓa sha ba, ban ci ba. Amma farkon zuwana na wanke tukwanen da aka dafa aladen a ciki, ba zan ɓoye maka ba. Da na samu wuri sai na roƙa aka bar ni a kan burodi da kifi da rago.”

“Salla fa?”

“Akwai ɗakin ajiye fulawa. A nan nake yi.”

A waje aka yi tsawa can nesa. Haƙarƙarin ya huce, maiƙonsa ya fara daskarewa a faranti. Ban san abin da zai fi nauyi a wurin Baffa ba, tukwanen nan ko sunan da za a kira ɗansa da shi a unguwa, kuma akwai rantsuwa a tsakani.

“Na rantse ba zan ci bararsa ba,” ya ce, kamar yana yi wa masu ɗaukar karatu bayani. “Rantsuwa tana bin niyyar mai ita, ni kuwa roƙo na nufa. Ta wannan fuska babu komai a kaina.” Ya nuna burodin da baki. “Amma abin da harshena ya faɗa, ga shi a kan katako da sunansa. Ba na son in tsaya gaban Allah da wayo. Zan yi kaffara, in ciyar da miskinai goma.”

Ya miƙa hannu, bai ɗauki wuƙar da aka ajiye ba, ya gutsura da yatsu. Ya yi bisimilla. Ya tauna a hankali da ’yan haƙoran da suka rage masa, mu uku muna kallon bakinsa har ya haɗiye.

“Zaƙi ya yi yawa,” ya ce. “A ɗumamo mini romon nan na farko.”

Ƙarami ya tashi da sauri har ya yi tuntuɓe da faranti. Baffa ya ɗaga murya ya bi shi da magana: “Abincin miskinan kai za ka dafa, gobe bayan Juma'a. Kuma ka cika musu kwano, ba irin wannan rowar ta Ingila ba. Babba shi zai kai musu da hannunsa, shi zai wanke kwanukan.”

Haka aka yi. Na ɗauki kwanuka goma ɗaya bayan ɗaya na bi lungunan Mandawari, na dawo na tsuguna a bakin rariya na wanke su, matan gida suna wucewa ba mai ce mini sannu. Na fito da bargon daga adaka na kai wa Baffa. Ya karɓa ya shimfiɗa a ƙarƙashin buzunsa, a cikin zafin nan. Daga ranar bai sake ba ni wasiƙa in karanta masa ba, sai ya fita rana da tabaransa ko ya kira Ƙarami.

Ƙarami bai hau jirgin ba. Sunan da na ji masa tsoro an kira shi da shi a bakin masallaci sau ɗaya ko biyu, Baffa ya ji, ya ce a gaban kowa ɗansa da guminsa yake ci, aka bari. Ni kuwa, Ƙarami ya yi wata biyu ba ya haɗa ido da ni, gaisuwa kawai. Ranar da ya fara yi mini magana sosai, takarda ya kawo mini rumfa a Ƙofar Wambai, ya ce in rubuta masa sunayen abincin sabon wurinsa. Ya tsaya a kaina har na gama, ya karɓa ya karanta tun daga layin farko har na ƙarshe, sannan ya ninke ya sa a aljihu.